Baƙon da Kaka Ya Ce Ya Jira

Kakana na wajen uwa ya rasu wata Talata bayan la'asar, a kan kujerarsa, a flat ɗinmu na saman bene a unguwar Tottenham ta London. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗa na kuma faɗa, amma har yau bakina ne kaɗai ya yarda. Ni na same shi. Na dawo daga kantin maganin da nake aiki, tun daga ƙofa na ji kaset ya kai ƙarshe yana ta jan kansa, ƙis, ƙis, ƙis. Na ce, "Tsoho, ka bar injinka yana kuka." Shiru. Kaka bai taɓa barin kaset ya ƙare bai tsayar da shi ba. Tun kafin in zagaya in ga fuskarsa na sani.

Ni ba marubuciya ba ce, a sakandare na tsaya. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne na saurari abin da mutane suka yi ta faɗa a zaman makoki, kuma rabinsa ba Kaka ba ne.

"Bawan Allah, ba ruwansa, ko ƙuda ba ya kora," in ji wata Hajiya, ƙawar Mama, tana share ido da bakin mayafi. Kaka ya taɓa korar mai gyaran bututu daga gidan nan don wayarsa ta yi ƙara. Wani dattijo daga masallaci ya ce, "Daga gida sai masallaci, daga masallaci sai gida." Ƙarya ce mai kyau, amma ƙarya ce. Daga masallaci bas yake hawa ya tsallake kogi, kuma duk wanda ke zaune a falon nan ya san inda yake zuwa. Babu wanda ya ambaci aikin nasa. Suna ta kewaye shi kamar wata cuta ce da bai kamata a faɗa gaban yara ba.

Washegarin jana'iza sai ga aikin ya hawo bene da ƙafarsa.

Wani tsoho ne gajere, idonsa duk yana, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Mutanen Tibet ne, ƙasar duwatsu can bayan Indiya, masu bin addinin Buda. Da yawansu sun bar gida tun da daɗewa suna zaman hijira a ƙasashen mutane. Tsohon nan shi ne abokin Kaka. Suna shigowa falo ya yi tsit.

Hajiya ta matso kunnena. "Ke, waɗannan fa? Ko gida suka ɓata?"

Na ce, "Sun fi ki sanin gidan, Hajiya."

Mama ta harare ni. Kawu, babban ɗan Kaka, ya miƙe tsaye bai san ko ya tarbe su ko ya tare su ba. Liman ne ya raba gardama. Ya ce, "Baƙin mamaci ne. A ba su wuri."

Tsohon bai zauna ba. Ya lalubi hanya kai tsaye zuwa kujerar Kaka, wadda tun rasuwarsa babu wanda ya yarda ya zauna a kai. Ya zaro wani farin ƙyalle dogo mai santsi, ya shimfiɗa a hannun kujerar da hannu biyu. Sai ya ɗaga kai ya dubi bayan kujerar, wajen ƙofar da ke fita zuwa ɗakuna. Ya daɗe yana duban wurin. Na lura, amma ban kawo komai a raina ba, don makaho duk inda ya ga dama yake kallo.

Sun zo da shayinsu a filas. Hajiya ta karɓa don kunya, ta kurɓa, fuskarta ta haɗe. "Wannan shayi ne ko romo?" Da gishiri da man shanu suke yinsa. Liman ya shanye nasa tas ya ce Alhamdulillahi, ban sani ba ko don daɗi ko don ya ƙare.

Har suka tashi tsohon bai kira sunan Kaka ba. 'Yarsa ta bayyana mana da Turanci cewa a wurinsu ba a kiran sunan wanda bai daɗe da tafiya ba, don kada ya ji ya waiwayo, tafiyarsa ta yi nauyi. Mama, da ba ta taɓa kiran sunan mahaifinta ba tun da aka haife ta, ta gyaɗa kai kamar an faɗi abin da kowa ya sani. A bakin ƙofa 'yar ta ƙara da roƙo ɗaya daga babanta: kada a kunna komai daga injin Kaka sai kwanakin makokinsu sun cika, waɗanda suka ɗan wuce arba'in ɗinmu.

Na ce to. Ban tambayi dalili ba.

A gidan rediyo Kaka ya yi ƙuruciyarsa, can gida. Shi ne mai ɗaukar sauti. Yakan rataya rikoda ya shiga ƙauyuka ya ɗauko mawaƙa, masu tatsuniya, masunta, duk wanda ke da abu a baki. Ya ɗauki mahaifiyarsa ma tana waƙar niƙa, ya ajiye zaren da ya naɗi muryar a ɗakin ajiyar gidan rediyon don a ganinsa can ya fi tsaro. Bayan ta rasu ya je ya ɗauko ya ɗora a inji. Sai ya ji wani mutum yana jawabi a kan takin zamani. An yi ƙarancin sabon zare, aka ɗebi tsofaffi aka ɗora sabon abu a kai.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin nan, yana goge kan inji da auduga, bai ko dube ni ba. Ya ce, "A can ƙarshen zaren mai jawabin ya gaji ya yi shiru. Sai na ji dutsen niƙa ya gurza, ya sake gurzawa. Shi ke nan abin da ya rage na uwata."

Tun daga ranar bai ƙara goge komai ba, bai ƙara yanke komai ba. Tari, kukan jariri, jirgin sama, duk abin da ya shiga ya shiga.

Ciwon zuciya ne ya kawo shi London wurin Mama, ya zo magani ya zauna. A ofishin takardun zama na Croydon suka haɗu da tsohon, a kan layi, kowa da lambarsa a hannu. Kaka ya zaro carbinsa, na kusa da shi ma ya zaro nasa. Kaka ya ce, "Na ga nasa ya fi nawa tsawo, na ce wannan ko ya fi ni zunubi ko ya fi ni haƙuri." Turancinsu duka biyun gurgu ne. Kaka bai iya yarensu ba sai gaisuwa, tsohon bai iya Hausa ba sai "madalla". Da haka suka yi shekaru suna abota, kuma ban taɓa ganin sun rasa abin faɗa ba.

'Yar tsohon tana cikin wata ƙaramar ƙungiya ta mutanensu da ke da ɗaki a saman wani kanti a kudancin birni. Abin da suke yi shi ne tara duk abin da tsofaffinsu suka fito da shi daga gida: littattafai masu dogayen ganye a naɗe cikin ƙyalle ruwan ɗorawa, zane-zanen addini a kan yadi, hotunan gidajen ibadar da wasunsu babu su yanzu, da kaset-kaset buhu-buhu. Suna ɗaukar hoton kowane shafi, su juye kowane sauti a kwamfuta, su zuba a rumbun ajiya na intanet, don jikokinsu da ke warwatse a duniya su samu. Suna da masu hoto. Ba su da mai kunne. Ranar da Kaka ya ga yadda wani saurayi ke cusa kaset mai fumfuna a inji, ya karɓe abin daga hannunsa kamar an ba yaro wuƙa. Bai sake barin wurin ba.

Daga nan gidanmu ya canja. Ina shirin fita aiki da safe sai in ji muryoyin maza daga falo, masu kauri, suna ja ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, kofin da ke kan tebur har rawa yake. Mutanen da ke cikin kaset ɗin yawancinsu sun mutu tun kafin a haife ni. Na ce, "Tsoho, me suke cewa?" Ya ce, "Ban sani ba. Amma wannan na hagun yana da mura, kuma ɗakin da suke na dutse ne."

Ba tsofaffin kaset kaɗai ba, har rayayyu yake ɗauka. Falonmu ya fi ɗakin ƙungiyar shiru, don haka nan ake kawo masa tsofaffi su rera abin da suka haddace. Yana da ƙa'ida. Kafin kowa ya buɗe baki sai an kashe waya, an cire batirin agogon bango, an kashe firji daga soket. Sai ya danna inji ya ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit na ɗan lokaci. Wai a bar ɗaki ya fara magana. Kunna firjin ne ba ya cikin ƙa'idar. Kifin Mama da ya lalace a gidan nan ba kaɗan ba ne.

Ni kuwa shirun nan ne ba na iya jurewa. Da ya ɗaga yatsa sai tari ya taso min, ko ƙafata ta fara rawa. Yakan ce, "Amarya, ke butar lantarki ce, kafin a juya kin tafasa. Fita." In ce, "Wa zai auri tsoho mai kashe firji? Sake ni in huta." Ya ce, "Sai na samu mai haƙuri. Ina nan ina dubawa."

Kawu bai taɓa son aikin ba, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Wata Lahadi ya shigo ya tarar da hoton wani zane cike da fuskar kwamfuta: wata halitta shuɗiya mai hannuwa da yawa, ido a goshi, wuta ta kewaye ta. Ni kaina ba na son haɗa ido da ita.

Ya ce, "Baba, a ɗakin da kake salla?"

Kaka ya ce, "In zan yi salla kashewa nake, in rufe da tawul."

"Baba, mutane suna magana. Ana cewa kana yi wa masu gumaka hidima. Da girmanka, da furfurarka."

"Ka taɓa ganin na rusuna wa wani abu ban da Allah?"

"A'a, amma..."

"Ajiya aka ba ni. Mutum ya tsallako duwatsu da ƙafa, bai ɗauko tukunya ba, bai ɗauko bargo ba, ya ɗauko muryar malaminsa. Ya miƙo min. In ce masa me? In ce bari in ɗora jawabin taki a kai?"

Kawu bai gane zancen taki ba, ni na gane. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, ya yi makonni bai hawo benen nan ba. Da ya dawo, ba wanda ya sake tayar da maganar, ba kuma wanda ya sauka daga kan bakansa.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Ta zo da kaset ɗaya a ƙulle cikin safa, muryar mijinta ce yana waƙar makiyaya. Zaren ya tsinke ya cukurkuɗe, ya yi fari da fumfuna. Kaka ya kwashe kwanaki a kansa da ɗan hantsaki da gilashin ƙara girma, yana warwarewa yana liƙawa. Ranar da ta dawo, ya danna inji, mijin ya ja numfashi zai fara, sai matar ta zabura ta fice. Na bi ta na same ta a matakala ta toshe kunnuwa. Na dawo a fusace na ce, "Duk wahalar nan, ko saurara ba ta yi ba." Kaka ya ce, "Ba ji ta zo yi ba. Ta zo ta tabbatar yana nan." Ya mayar da kaset ɗin cikin safar da kansa, ya kai mata har matakala, ya zauna nesa da ita kaɗan har ta gama.

To mutumin da ya yi wannan, shi bai bar mana muryarsa ba.

Bayan sadakar uku muka gane. Ƙanwar Mama ta bugo daga Kano tana kuka, ta ce a turo mata ko da gaisuwarsa ce ta riƙa ji. Muka zazzage wayoyi. Babu. Kaka ba ya aika saƙon murya, in bai same ka ba kashewa yake. A bidiyon biki ko suna, shi ne kullum a bayan mai ɗauka yana gyara masa tsayuwa. In ka juya masa waya sai ya rufe baki ya yi ta murmushi har ka gaji. Mama ta zauna a bakin gado ta ce, "Wallahi har na fara mantawa ko muryarsa siririya ce ko mai kauri." Kwana nawa ma da binne shi.

A satin ne na tashi da safe na tarar da ruwa a ƙasan kicin. An kashe firji daga soket. Na tambayi Mama, ta ce ba ita ba. Baƙi duk sun watse, mu biyu ne a gidan. Ni ba na yarda da zancen fatalwa, wanda ya mutu ya mutu, yana inda Allah ya ajiye shi. Na kunna, na goge ruwan. Abin da na sani kawai shi ne da na tsaya a kicin ɗin kafin in kunna, gidan ya yi irin shirun nan na lokacin da yake ɗaga yatsa, kuma na kama kaina ina riƙe numfashi.

Sai 'yar tsohon ta kira ni. Ta ce akwai maganar da dole iyali su yanke. Dokar rumbunsu ita ce duk wanda aka ji muryarsa a cikin sauti sai ya yarda kafin a saki, in ya rasu sai iyalinsa sun yarda. Na ce to mu ina ruwanmu? Ta ce, "Kakanki yana ciki. Kusan a duk wanda ya ɗauka da kansa."

Ashe yana nan. Bismillarsa ƙasa-ƙasa da zarar ya danna inji. Ƙarar carbinsa. "To, madalla," in tsoho ya kai aya. Ta ce in kwanakin makoki sun cika sai mu zo mu ji, mu zaɓa: a bar shi a ciki ko a cire.

Ban jira kwanakin kowa ba. Washegari na ce wa mai kantinmu a soke aikina na ranar, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka na kama bas ta Old Kent Road zuwa ɗakin ƙungiyar. Motar tana rarrafe a cikin cunkoso kamar da gayya, har na so in sauka in taka. 'Yar tsohon ta buɗe min ƙofa ta dube ni, ta ce babanta ba zai so ba. Na ce babanta yana da muryar malaminsa, ni ba ni da ta kakana. Ta jawo min kujera, ta miƙo min abin sawa a kunne.

Mai kauri ce. Muryarsa mai kauri ce, da ɗan karcewa a ƙarshe. Na yi ta tsalle daga wannan sauti zuwa wancan ina farautar "madalla" kamar mai tsintar gero. Har na zo kan na ƙarshe, wanda ya ɗauka bai cika mako ba kafin rasuwarsa. Ta kai hannu kamar za ta hana ni, ta fasa.

Babanta ne ke rerawa, a falonmu. Addu'a ce da suke yi wa mai barin duniya, ya haddace ta tun yana yaro, ya daɗe yana ƙin a ɗauka sai ranar ya yarda. Ita ta kawo shi, ta sauka ta gyara wa motarta wuri, ta bar su su biyu. Ni ina wurin aiki, Mama ma haka.

Na ji bismillar Kaka. Na ji shirun ɗaki. Tsohon ya fara, murya na hawa tana sauka, carbi biyu na tafiya a ƙarƙashinta. Can tsakiya sai ya tsaya cak. Carbin ɗaya ya tsaya. Tsohon ya yi wata 'yar magana da yarensu, ba da muryar rerawa ba, da muryar hira. Sai Kaka ya amsa da Hausa, a natse, kamar mai magana a kan bas:

"Na san da shi. Ya ɗan jira mu gama."

Tsohon ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na cire abin kunnen na ce, "Me babanki ya ce?"

Ta ce, "Ke fara gaya min abin da kakanki ya ce."

Na fassara mata. Ta dafa tebur. Ta ce, "Babana tambaya ya yi. Cewa ya yi, wane ne wannan da ke tsaye a bayanka?"

Na ce mata Kaka ba ya jin yarensu. Ta ce ta sani. Ta ce babanta ma ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Ta tambaye shi tun ranar da ta fara jin sautin, abin da ya ce kawai shi ne, baƙon abokinsa ne ba nasa ba, bai kamata ya yi zancen baƙon wani ba.

Ba zan ce ga abin da ya faru ba, don ban sani ba. Wataƙila Kaka ya zaci tsohon na cewa 'yarsa ta dawo. Wataƙila inuwar labule ce. Na gwada duk waɗannan a cikin bas a hanyar dawowa, babu wanda ya kai ni gida.

Da kwanakin makokinsu suka cika muka koma mu uku, ni da Mama da Kawu. Mama ta ji bismilla ɗaya ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya saurari na ƙarshen har ƙarshe, aka fassara masa tambayar, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ɗauka ya sauko. Sai ya ce, "A cire. Duka."

Na ce, "Kawu, shi fa bai taɓa yanke ko tari ba."

Ya ce, "Na sani."

"To don me? Don kada 'yan masallaci su ce wani abu? Su da ko sunan aikinsa sun kasa faɗa?"

Mama ta ce, "Ke, da kawunki kike magana."

Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin daɗi. Ya ce, "'Yata, kin san mutanenmu. In wannan ya fita, kafin Juma'a yana cikin kowace waya daga nan har Kano. Za a sa masa kiɗa mai ban tsoro. Wani ya ce aljanu yake da su, wani ya ce ba a kan Musulunci ya cika ba. Mahaifina ne. Ba zan bari a mayar da shi abin turawa ba." Ya juya wurin matar ya ce da Turanci, addu'ar babanta tasu ce, kada a taɓa ko harafi. Abin da ke na mahaifinsa kawai yake so a ba shi.

Na san Kaka da ba zai yarda ba. Na kuma san abin da Kawu ya faɗa zai faru, har na san waɗanda za su fara turawa. Mama ta ce ta bi bayan yayanta. Aka cire.

Matar ta haɗa mana duk abin da aka yanke wuri ɗaya. Bismilla bayan bismilla, tari, carbi, madalla, madalla, madalla, babu komai a tsakani. Shi Mama ke kunnawa in tana girki, shi aka tura Kano. Maganar ƙarshen kuwa Kawu ya ce a ware ta daban, tana wurinsa shi kaɗai. Matarsa ta gaya wa Mama wai yakan zauna a mota a ƙofar gida ya daɗe bai shigo ba.

Allah ya jiƙanka, Tsoho. Allah ya karɓi amanar da ka riƙe wa mutanen da ba ka jin yarensu, ya yafe maka kifin Mama, ya sa baƙon da ka ce ya jira ya zo maka da sauƙi. Amaryarka ba ta yi haƙuri ba har yanzu.

An saki sautin a rumbun watan jiya, kowa na iya buɗewa daga ko'ina. Na buɗe shi da rana tsaka a falo, a kan kujerarsa, don babu wata kujerar kusa da soket. Tsohon yana rerawa, ya tsaya, ya yi tambayarsa. Yanzu babu mai amsawa. Shiru ne kawai, daidai tsawon maganar Kaka, sannan addu'a ta ci gaba. Matar ta ce wata yarinya 'yar ƙabilarsu ta rubuto musu daga wata ƙasa mai nisa, ta ce tana saurare ita kaɗai a ɗakinta, da tsohon ya yi tambayar sai da ta juya.

Ni ban juya ba. Na zauna na ƙura wa bango ido har addu'ar ta ƙare, wuyana kamar an ɗaure shi.